Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Yaɗa Labarai Na Jihar Katsina

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Idan 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye a Batsari ko Jibiya cikin dare, kafin a sallame Asuba muryar wani mai haki ta karaɗe WhatsApp: "Jama'a a taya mu da addu'a, sun shigo." Ba sunan gari, ba kwanan wata, wani sa'in ma ta bara ce aka sake turowa. Mai shayi a Ƙofar Ƙaura ya kunna wa mutum goma, kafin hantsi ta zama labari.

Kafafen gwamnati kuwa suna jiran sanarwar kakakin 'yan sanda, su buɗe labaran rana da ziyarar ban-girma. Wanda ya dawo daga jana'iza ya ji haka, me zai hana shi murɗa akwati zuwa BBC Hausa? Ba a manta da Disambar 2020 ba, yadda alƙaluman ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara suka yi ta cin karo da juna, har ranar da aka sako yara 344.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A bai wa editan da ke bakin aiki ikon fitar da bayanin farko cikin awa ɗaya ba tare da jiran sa hannun kowa ba, muddin majiya biyu da ba su haɗa hanya ba sun tabbatar, misali mai gari da ma'aikacin asibiti. Ya faɗi abin da ya tabbata, ya ce sauran ana bincike. Kada ya ambaci adadin mamata sai an ƙirga, domin adadi ne ke fara tona asirin gidan jarida.

Bayanin nan a naɗe shi da murya, kada ya wuce minti ɗaya, don mai ƙaramar data ya iya saukewa. Mai karantawa ya furta gari, rana da lokaci da bakinsa. Rubutun da ke ƙarƙashin saƙo yakan ɓace a wajen turawa, amma abin da aka faɗa da baki yana nan.

In an yi kuskure, a gyara a cikin shirin da aka yi shi, ba a tsakar dare ba.

Sai wakilai. Ƙananan hukumomi 34 gare mu, kowace na bukatar mutum guda mai waya da kuɗin kati a kan kari. Wakilin da shugaban ƙaramar hukuma ke zuba wa mai a babur ba zai aiko da labarin rijiyar burtsatsen da ta lalace ba.

Allah Ya yi jagora.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan ɗakin labarai, Katsina.