Jirgin Kwaso Masu Rauni Ya Fi Mana Gaggawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ta yawaita tun da Rasha da Yukren suka gwabza, wai zamanin sojojin laima da jirage masu saukar ungulu ya wuce, jirgi marar matuƙi ya gaje su. Masu faɗin haka suna da hujja mai ƙarfi. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauko darasin Yukren ɗungurungum a ɗora wa Zamfara da Borno, a bar sojanmu yana zubar da jini a daji babu abin da zai ɗauko shi.

Babbar hujjarsu ita ce abin da ya faru a Hostomel. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, jiragen Rasha masu saukar ungulu, Mi-8 ɗauke da dakaru, Ka-52 na yi musu rakiya, suka taso daga Belarus ƙasa-ƙasa, suka sauke zaratan sojoji 'yan ɗaruruwa a filin jirgin saman da ke bakin birnin Kiev. Shirin shi ne a riƙe filin, manyan jiragen Il-76 su biyo baya da ƙarin dakaru da motocin yaƙi, a shiga babban birni cikin 'yan kwanaki. Filin kam sun kama shi. Amma an kakkaɓo wasu jiragen tun a hanya, 'yan Yukren kuma suka yi ta ruwan wuta da manyan bindigogi har titin sauka ya ƙi saukuwa, manyan jiragen ba su zo ba. Sojan da aka sauke daga sama kuwa ba shi da komai sai abin da bayansa ya ɗauka: bindiga, harsasai, gorar ruwa da ɗan guzuri. Dole suka jira rundunar ƙasa ta iso, dama ta kuɓuce, kafin farkon Afrilu Rasha ta janye daga yankin baki ɗaya.

Wannan rauni tsoho ne. Jamus ta ci tsibirin Kirit na Girka da sojojin laima a watan Mayun 1941, amma dubban da ta rasa suka sa ba ta sake yin irin wannan gagarumar dira ba. A Arnhem ta ƙasar Holan a 1944, sojan Ingila kusan dubu goma aka sauke, ƙarin dakaru suka makara, waɗanda suka tsallako kogi suka dawo ba su kai dubu uku ba. Sabon abu a yau shi ne idanu sun yi yawa a sama. Ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi da kuɗinsa bai kai na babur ba yana iya hango inda ake tara jirage, makamin da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa kuma yana iya kawo ƙarshen jirgin miliyoyin daloli. Ko a ƙasa ma ba su tsira ba: a watan Oktoban 2023 Yukren ta lalata jiragen Rasha suna fake a filin Berdiyansk da makamai masu linzami na Amurka.

Duk da haka manyan ƙasashen ba su yi baki ɗaya ba. A Fabrairun 2024 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta soke shirin ƙera sabon jirgin leƙen asiri mai saukar ungulu bayan ta kashe kusan dala biliyan 2, ta ce Yukren ta nuna cewa aikin leƙe ya koma hannun marasa matuƙa. Japan ma tun ƙarshen 2022 ta sanar cewa za ta sallami jiragenta masu saukar ungulu na kai hari. A gefe guda Foland, wadda ke maƙwabtaka da yaƙin, ta sa hannu a 2024 kan sayen jiragen kai hari masu saukar ungulu samfurin Apache har 96, an kuma ga yadda Ka-52 na Rasha suka riƙa ɓarnata motocin sulken Yukren daga nisan kilomitoci a tsakiyar 2023. Ita kanta Amurkar da ta soke jirgin leƙe ba ta soke na jigilar dakaru ba, tana nan tana ƙera sabo mai sauri da dogon zango. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To mu wane ne ya karɓe mu? Abokan gabarmu ba su da na'urar hango jirage, ba su da jiragen yaƙi. Shi ya sa dirar laima ta yi aiki a wannan yanki. A ƙarshen Janairun 2013 sojojin Faransa kimanin 250 suka diro cikin dare a arewacin Tumbuktu, gari ya koma hannu ba tare da wani faɗa na a-zo-a-gani ba. A ƙarshen Oktoban 2020 wasu 'yan tsirarun sojojin Amurka suka diro a arewacin Najeriya suka ƙwato wani Ba'amurke da aka sace a Massalata, kusa da Birnin Ƙonni. Duk biyun cikin duhu aka yi su, da mutane kaɗan, da sahihin bayanin sirri. Sai dai kama Tumbuktu bai kashe wutar Mali ba, Faransa ta tattara kayanta a 2022 ta bar yaƙin yana ci. Don haka ra'ayina, a riƙe ƙaramar runduna ta laima mai horo na gaske don ceto da samame, kada a kashe dukiya wajen gina babba wadda ba mu da jiragen ɗaukarta.

Maganar jirgi mai saukar ungulu daban take, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata. A duba sojan da aka harba a cinya a dajin Shiroro ko Birnin Gwari cikin watan Agusta. Abokinsa ya ɗaure masa ƙafa da ɗamara, an shimfiɗa shi a bayan Hilux. Rafi ya kawo, gada ta karye, hanya ɗaya ce ta fita kuma kowa ya san 'yan bindiga na iya yin kwanton ɓauna a kanta. A Borno ƙari a kan haka akwai bam da aka binne a gefen titi. Tafiyar da jirgi zai yi cikin rabin sa'a, mota sai ta wuni, jini kuwa ba ya jira. Marasa matuƙan da muke da su ba za su sauka su ɗauki wannan bawan Allah ba, ba za su kai ɗauki ga ƙauyen da aka yi wa ƙawanya ba, ba kuma za su kwaso ɗaliban da aka ceto daga tsakiyar daji ba.

Ban ce aikin ba shi da haɗari ba. Ranar 14 ga Agustan 2023 jirgin Mi-171 na sojan samanmu ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro, yana ɗauke da gawawwaki da masu rauni daga wani kwanton ɓauna. Hedikwatar tsaro ta ce an rasa jami'ai 36 tsakanin harin da faɗuwar jirgin, 'yan bindiga kuma suka yi iƙirarin su suka harbo shi. Allah Ya jiƙansu. Kafin nan, a Yulin 2021, 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha a tsakanin Zamfara da Kaduna, matuƙin ya tsira da laima. Wanda ya iya taɓa jirgin yaƙi mai gudu, mai saukar ungulu ba zai gagare shi ba, musamman a mintocin da yake zaune a ƙasa, farfela na juyawa, ƙura ta turnuƙe, ana ɗora masu rauni ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma ISWAP ta fara ɗaura bama-bamai a ƙananan jirage marasa matuƙa tana kai wa sansanonin soja hari a Borno. Wannan barazana tana tafe ga kowane wurin sauka.

Abin da wannan ke nufi shi ne a gyara yadda ake tura jirgin. Marar matuƙi ya riga shi zuwa ya duba wurin, ya tsaya a sama yana gadi. Jirgin kai hari ya raka shi. A tanadi na'urar toshe sadarwar marasa matuƙa a sansanoni, a horar da matuƙa tashin dare da tabarau na ganin duhu, a sa ma'aikacin jinya da jini a cikin jirgin. Kuma kada mu ɗauka ido a sama ya wadatar: bam ɗin da ya hallaka mutane aƙalla 85 a wurin Mauludi a Tudun Biri cikin Disambar 2023 daga marar matuƙi ya fito, kamar yadda jirgi mai matuƙi ya yi wa 'yan gudun hijira a Rann a 2017. Ko wane iri ne, mai ba da umarni sai ya san wanda ke ƙasa.

Inda nake da ƙorafi shi ne sayayya. Mun sayo jirage masu saukar ungulu samfurin T-129 guda 6 daga Turkiyya, Amurka kuma ta amince tun 2022 ta sayar mana da AH-1Z guda 12 a kan kusan dala biliyan 1. Ba na adawa da su, suna da aikinsu. Amma duk na kai hari ne, babu wanda zai ɗauki gadon majinyaci. Ga kuma tarin samfura daga Rasha da Italiya da Turkiyya da Amurka, kowanne da kayan gyaransa da injiniyoyinsa da horon matuƙansa, alhali samun kayan gyaran na Rasha ya ƙara wuya tun da aka ƙaƙaba mata takunkumi. Jirgin da ke fake a rumfa yana jiran kayan gyara wata da watanni, a takarda kawai yake cikin lissafi.

Ina roƙon Edita ya sa wakilansa su kai waɗannan tambayoyi gaban hedikwatar tsaro da kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya lokacin kare kasafin kuɗi. Cikin jiragen jigilar da muka mallaka, nawa ne ke iya tashi a yau? Nawa aka ware don kwaso masu rauni kaɗai, kuma a waɗanne sansanoni suke kwana? Daga lokacin da kwamanda a daji ya kira zuwa lokacin da jirgi ya sauka, sa'a nawa ake ɗauka? Iyayen sojoji da matansu suna da haƙƙin jin amsa.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna