Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke sayar da kundin adana tsofaffin kuɗi

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne a bainar jama'a saboda kundin da kuke sayarwa, wanda kuka rubuta a bangonsa cewa ba ya ɓata ƙarfe, ya lalata mini aninai da kwabbai da sulalla na zamanin Turawa, kuma da na kai kuka sai ma'aikacinku ya ɗora laifin a kan laimar ɗakina.

Duk mai tara kuɗi ya san kowace ɓarna da kamanninta. Azurfa takan yi baƙi ne idan ta haɗu da farar wutar da ke cikin wasu takardu ko robar ɗaure kuɗi, kuma baƙin nan busasshe ne. Tagullar da gishiri da danshi suka ci takan fitar da koren gari mai kakkaɓuwa. Abin da na tarar daban ne: kore ne mai danƙo, yana kama yatsa, kuma ya fito daidai inda ledarku ta kwanta a kan ƙarfen. Wannan aikin leda mai laushi ne ta PVC, wadda man da ake tausasa ta da shi yake tsattsafowa, zafi da danshi kuma su sa ta saki sinadari mai cin ƙarfe. Sulena na azurfa na 1913, da aka jiƙa shi a asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, dattin ya fita, sai ga ƙananan ramuka a gindin itacen kwakwar manjan da ke jikinsa, kuma rami ba ya cikewa.

Yanayinmu bai taɓa raga wa ƙarfe ba. Aninin alminiyam na 1907 bai jure ba, shi ya sa a 1908 aka koma buga shi da haɗin tagulla da nikel. Wanda zai kawo ma'adanar kuɗi ƙasar da ke da bazara da damina irin namu, wajibinsa ne ya san da wace leda aka yi ta.

Ina neman ku janye kundin daga kasuwa, ku musanya shi da na Mylar ko wata ledar da ba ta da PVC, ku kuma biya ni diyyar abin da ya lalace. Mafi gaggawa shi ne ku sanar da waɗanda suka saya su fitar da kuɗinsu yanzu, tare da gargaɗin kada su dirje su da toka ko lemun tsami, domin gugar tana kashe darajar kuɗin fiye da dattin kansa.

Ina jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wani mai tara tsofaffin kuɗi, Kano