Kwamfuta ba tunani take yi a farkon wasan ches ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili, saboda kullum sai in ji ana cewa wai kwamfuta tana doke mutane a ches ne don tsabar tunani tun daga motsin farko, kuma gaskiya ba haka abin yake ba. A farkon wasa yawancin manhajojin nan duba littafi suke yi, an tara musu buɗe wasan gwanaye, su ɗauko kawai su buga. Ko a 1997 da kwamfutar nan Deep Blue ta kayar da zakaran ches na duniya na lokacin, Garry Kasparov, a wasa na shida, dokin nan da ta sadaukar tun da wuri daga littafin ya fito, motsi 19 aka tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kwamfutar ke gano shafin littafin da ya dace da tsayuwar da ke kan allo. Dabarar Albert Zobrist ce ta 1970, kowane ɗan wasa (wato abin da ake turawa a kan allo, kamar doki) a kowane gida an ware masa wata doguwar lamba da aka zaɓa da ka, sai a gauraya lambobin duk waɗanda ke kan allo da lissafin XOR (wata hanyar gauraya lambobin kwamfuta) a samu lamba ɗaya mai bit 64 (wato jerin 0 da 1 guda 64), kamar dai hoton yatsa na wannan tsayuwar. Doki ya tashi, a cire lambar gidan da ya bari a sa ta inda ya sauka, shi kenan ba sai an sake lissafa komai ba. A tsarin Polyglot na Fabien Letouzey, wato wani tsarin adana irin wannan littafi, lambobin 781 ne, 768 na 'yan wasa iri 12 a gida 64, sauran na ƙananan dokoki da kuma wa ke da bugu. Kowane layi a littafin bayit 16 ne kacal (bayit ɗaya bit 8 ne), an jera su bi da bi don nema ya yi sauri. Kuma ka ga ko ta wace hanya aka bi aka iso tsayuwa ɗaya lambar ɗaya ce, don haka sauya jerin motsi ba ya ruɗa ta.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu masu karanta kwamfuta ba na jin suna taɓa irin wannan, alhali darar da muke bugawa gida 30 ce kawai, da lambobi 60, wato 30 ga kowane ɓangare, an gama da allon. Ina roƙon shafinku na kimiyya ya yi bayanin wannan dalla-dalla da Hausa, ko wani ɗalibi zai ɗauka ya yi aikin kammala karatunsa a kai.

Naka,
Mai karatu daga Zariya