Ku Daina Kankare Mini Sanduna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ba maganar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Kotoko ko Hearts na zo da ita ba, waɗannan suna da masu yi musu ihu. Maganata a kan sanda ce, sandar buga sinuka, da yadda yaranmu na Zango suka ɗauki kaurinta tamkar wani asiri.

Ni kafinta ne. Shekara 31 na yi ina shaƙar garin katako, tun muna Anloga har aka tashe mu zuwa Sokoban. Da baya ya fara yi mini gardama sai na sayi tebura biyu na kafa a wata rumfa a Aboabo, nan Kumasi. Sinuka muke cewa, amma ba ita ba ce. Sinuka ta gaskiya teburinta ƙafa 12 ne, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi shida. Namu ƙafa 7 ne, irin na Ingila da ake jefa wa kwandala ƙwallaye su zubo, can Ingila suna kiran wasan ful. Wannan bambancin shi ne tushen rigimar duka.

A cikin wata biyu sanduna uku aka lalata mini. Da farko na zaci ɓera ne ko gara. Ashe samari ne. Rannan bayan la'asar na dawo daga masallaci na tarar da wani ya tsuguna bayan rumfa da samfefa a hannu, yana ta gurzar wuyan sandata kamar mai feƙe fensir. Na ce, "Kai yaro, me ta yi maka?" Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Baba, siririya ta fi juya fara. Na gani a YouTube." Fara ita ce farar ƙwallon da ake bugawa da sanda. Wani abokinsa kuma kullum ƙorafinsa shi ne sandunana tsinken tsire ne, wai manyan 'yan wasan Amurka da masu kauri suke bugawa. Su biyun waya ɗaya suke kallo, kowa ya tsinci abin da ya tsinta, ni ne da asara.

Sai na aro ma'aunin kauri wajen wani makaniki a Suame Magazine, na zauna na auna komai. Ga abin da ya kamata yaran nan su sani. Ƙwallon ful na Amurka faɗinta milimita 57 da ɗan ɗoriya, nauyinta ya kan kai giram 170, kuma fara daidai take da sauran. Shi ya sa bakin sandarsu yake milimita 12 zuwa 13. Ƙwallon sinuka milimita 52 da rabi ce, bakin sandarta tara da rabi zuwa goma. Namu kuwa ƙwallaye inci biyu ne, wato ƙasa da milimita 51 kaɗan, fara kuma ta fi su ƙanƙanta, ba ta cika 48 ba. Da gangan aka rage ta, domin in ta faɗa rami ta bi tata hanyar ta fito, kada teburin ya riƙe ta tare da sauran. To ƙwallo ƙarama marar nauyi irin wannan, bakin sanda na milimita takwas zuwa tara ne abokin tafiyarta. Sandunana tara ne. Wanda ya kankare tara yana neman shida, me yake so ya buga da ita, gujiya?

Ni ma ba a nan na fara ba, kada in yi kamar da sanina aka haife ni. Akwai ɗan ƙanwata da yake zaune a Bronx, a birnin New York. Da ya ji Kawu ya buɗe rumfa, ya aiko mini da sanda cikin jaka mai zif, gida biyu ana ɗaura ta da sukuru a tsakiya, farin katakon mafil sumul kamar an shafa mai, baki milimita 13. Na yi sati ina yawo da ita a unguwa. Da na ɗora ta a tebur sai ido ya raina fata. In na sunkuya, bakin sandar ya rufe mini kusan kwata na fara, ban ganin inda nake taɓawa. In na so in bugi ƙasanta don ta dawo baya, kan sandar ya riga ya goge kyallen tebur, sai fara ta yi tsalle. Wani ɗan makarantar sakandare ya ci ni sau huɗu a jere da tsohuwar sandar haya. Yanzu ta Amurkan tana rataye, ba a sauke ta sai za a fasa ƙwallaye a bugun farko, a nan kam ba ta da na biyu.

Batun wai siririya ta fi juya ƙwallo, akwai ƙanshin gaskiya a ciki amma ba yadda suke zato ba. Abin da yake juya fara shi ne nisan wurin da ka buga daga tsakiyarta, da fatar baki mai kyau wadda ta sha alli. Siririn baki yana taimaka maka ne ka ga wurin sosai. Sannan in ka buga ta gefe, fara ba ta bin layin sanda daidai, takan kauce zuwa ɗaya gefen, kuma gwargwadon nauyin ƙarshen sandar gwargwadon kaucewar. Shi ya sa kamfanoni irin su Predator suke rage nauyin gaban sanda, har suka kai ga yin ta da zaren kabon maimakon katako. Amma su masu injin ne suka lissafa. Yaron da ya gurza da samfefa gefe ɗaya yake ci fiye da ɗaya, sandar ta tashi daga da'ira ta koma kamar ƙwai, zoben tagullar da ke wuyanta ya saki, fata ta rasa wurin zama. Kuma siririya ba ta rufa asiri: hannunka ya ɗan karkace, za ka sa wa fara juyin da ba ka nufa ba. Mai koyo ya fi buƙatar wadda za ta yafe masa.

Akwai kuma abin da ma'auni ba ya faɗa, wato hannu. Yatsuna na kafinta ne, gajeru masu kauri. Wanda yake naɗe sanda da ɗan ali, irin riƙon 'yan Amurka, yana son wuya mai tafiya da kauri ɗaya na kusan tsawon ƙafa ɗaya, don kada ta shaƙe masa yatsa in tana kai da komo. Mu da muke ɗora ta a buɗe tsakanin babban yatsa da ɗan ali, wadda take ƙara kauri a hankali tun daga baki ta fi zama mana, irin ta katakon ash mai zane-zanen da ido yake bi kamar kibiya. Mutum biyu tebur ɗaya, ɗaya ya so takwas da rabi ɗaya ya so tara da rabi, duka ba su yi laifi ba. Laifin shi ne ka yanke hukunci kafin ka yi wata guda da sanda ɗaya a hannunka.

Sai yanayinmu. Damina a Kumasi katako shan ruwa yake yi daga iska, hunturu ya zo a Disamba ya tsotse shi. Sandar da aka sirantar, aka kuma cire mata fentin da yake kare ta, ba ta ganin hunturu biyu a miƙe, balle in ana jingina ta da bango. Masu cewa in sassaƙa musu ta gida, na gwada. Katakon odum ya yi nauyi, wanda Asantawa suke kira wawa kuwa ya yi laushi, kuma sunan ya dace da duk wanda zai sake gwadawa bayana.

Roƙona ga 'yan'uwana masu tebura a Asawase da Sabon Zango da Nima da Madina: in za ku sayi sanduna ku tambayi kaurin baki, ku daina karɓar duk abin da ɗan kasuwa ya miƙo. Ku ajiye kala biyu ko uku, ku rubuta lambar a gindin kowace. Ni na yi haka, takwas da rabi, tara, tara da rabi, kowa ya zo ya gwada kyauta bayan sallar azahar kafin rumfa ta cika. Yaron samfefa kuwa mahaifinsa ya zo mun yi magana, yanzu shi yake share kyallen tebur kowace safiya har ya biya kuɗin sandar. Tara yake ɗauka, ban ce masa komai ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon kafinta mai teburin sinuka,
Aboabo, Kumasi