Ƙadandoniya ba shanshani ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan ƙadandoniya, don na gaji da jin yara suna haɗa ta da shanshani. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, kuma yana cizo. Ƙadandoniya huɗu take da su, ba ta cizo. In ka taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta fitar da wani ruwa mai wari da ke rina yatsa.

Wadda ke damunmu a gonar gyaɗa yawanci daga dangin da masana ke kira Odontopygidae take, kuma dangin nan na Afirka ne. Bara, bayan ruwan shuka, na tona rami na tarar da uku sun naɗe a kan irin, sun ƙwaƙule shi. Daga baya kuma suka huda ɗanyen kwanso.

'Yan'uwansu Spirostreptidae sun fi su yaɗuwa, har Madagaska da Kudancin Amurka. Cikinsu akwai wata ƙatuwa a Kenya da Tanzaniya da kan kai santimita 30. Wannan kam Allah ya bar ta can!

Malaman gona su taimaka su nuna mana yadda za mu kare iri.

Naka,
Wani manomin gyaɗa, Gumel