Rahoton Ayyukan Shekara: Homon ɗin Tairoid da Aikin Zuciyar Kifin Salmon na Kiwo

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobin ƙungiya. A madadin kwamitin zartarwa, ina gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da muka kammala. Za ku tuna cewa a babban taron bara an yanke shawarar mu riƙe maudu'i guda har ƙarshen shekara, maimakon raba ƙarfinmu a kan batutuwa barkatai. Wanda ya samu rinjaye shi ne tasirin homon ɗin tairoid, wato sinadarin da gaɓar tairoid ke sakawa cikin jini don daidaita aikin jiki, a kan aikin zuciyar kifin salmon na kiwo, kuma 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Norway da Sikotland ne suka kawo shi, bisa hujjar cewa ciwon zuciya yana cikin abubuwan da ke kashe wannan kifi bayan an gama kashe kuɗi a kansa, gab da a kai shi kasuwa.

Hujjar tasu tana da ƙarfi. Norway, inda aka fara kiwon salmon a kejin teku a tsibirin Hitra wajen 1970, ita ce ke samar da kusan rabin salmon na Atlantika da ake kiwo a duniya, sai Chile ke biye mata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasar ta bayyana cewa a 2023 kifi miliyan 62.8 ne suka mutu a kejin teku, wato kashi 16.7 cikin ɗari. Ba zuciya kaɗai ta jawo wannan asara ba, domin akwai gyambo da cututtukan gaɓar numfashi da raunin da kifi ke ji wajen cire masa kwarkwata. Amma cutar CMS, wadda aka fara gani a Norway a 1985, da cutar HSMI, wadda ta bayyana a 1999, duka biyun ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, kuma suna kumbura tsokar zuciya. CMS ta fi kama manyan kifi masu ƙiba, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, sai bangon zuciya ya tsage, jini ya cika jakar da take ciki. Irin wannan mutuwa takan ƙaru ne a ranar da aka cunkusa kifi, aka zuƙe su da famfo, aka tsoma su na kusan daƙiƙa 30 a ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 34 don kakkaɓe kwarkwata.

Zaman karatu

Babban aikinmu na bana shi ne zaman karatun da muka riƙa yi ta intanet. Mun fara da ginin zuciyar kanta. Zuciyar kifi sassa huɗu ne a jere, jini yana bi ta cikinsu sau ɗaya kafin ya wuce gaɓar numfashi ya ɗauki iska. Ɗakin da ke tura jinin yana da tsoka iri biyu: ta ciki mai kama da soso, wadda ke samun iskar oksijin daga jinin da ya riga ya zagaya jiki, da ta waje mai kauri, wadda ke da nata jijiyoyin. A kifin daji wannan ɗaki mai kusurwa uku ne, mai tsini, amma masana a Norway sun nuna tun 2003 cewa na kifin kiwo ya fi zama kewayayye, kuma mafitar jininsa takan karkace.

Daga nan muka shiga tairoid. A jikin mutum ƙulli guda ne a wuya, wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo idan sinadarin aidin ya yi ƙaranci, abin da ya sa ake zuba aidin a gishirin girki. A salmon kuwa ba ƙulli guda ba ne, ƙananan buhuna ne a warwatse a ƙasan maƙogwaro, kewaye da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Suna fitar da homon ɗin T4, amma wanda ya fi aiki shi ne T3, kuma yawancinsa a hanta da sauran gaɓoɓi ake samar da shi, ta hanyar wasu sinadarai masu cire aidin guda daga T4, waɗanda ba sa aiki sai da seleniyom, wani ma'adini da ake samu daga abinci.

Wannan bayani ya ci mana lokaci fiye da yadda muka tsara, kuma a ganina ya cancanta, domin shi ne ya warware mana wani ruɗu. Yawan T4 a cikin jini ba shi ne ma'aunin abin da zuciya ke samu ba. Adadinsa yana hawa da sauka da lokacin yini, da cin abinci, da sanyi ko ɗumin ruwa, sannan kowace gaɓa tana iya ƙara nata rabon na T3 ko ta rage. Duk wanda ya ɗebi jini sau ɗaya ya yanke hukunci a kan zuciya, ya yi gaggawa.

Yadda T3 ke aiki a tsokar zuciya an fi saninsa daga dabbobi masu shayarwa. Yana shiga cibiyar ƙwayar halitta, ya ƙara samar da famfon da ke mayar da kalsiyom ma'ajiyarsa bayan kowane bugu, wanda hakan ke sa zuciya ta saki jiki da wuri ta sake cika. Yana sauya nau'in furotin ɗin da ke matse tsoka zuwa mai sauri. Yana kuma ƙara masu karɓar saƙon adirenalin, homon ɗin da ke hanzarta bugun zuciya. A ɓangaren kifi, Alexander Little da Frank Seebacher na Jami'ar Sidni sun wallafa a 2014 cewa ƙaramin kifin nan na ɗakin gwaji, zebrafish, idan aka toshe masa tairoid, bugun zuciyarsa da aikin famfon kalsiyom suna raguwa bayan ya daɗe a ruwan sanyi. Wannan ya shafi salmon ƙwarai, tunda zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne, kuma dole zuciyarsa ta sake shiri tsakanin hunturu da bazara. Ka'idar da muka bi a duk bayananmu ita ce a rubuta kowace hujja tare da sunan halittar da aka same ta a jikinta, kada a ɗora wa salmon sakamakon ɓera.

Inda tattaunawa ta fi zafi

Matakin da ya fi jan hankalinmu shi ne lokacin da ɗan salmon ke shirin barin ruwan daɗi ya shiga teku. A kogunan Norway yakan shafe shekara biyu zuwa biyar kafin ya kai nan. Idan yini ya fara tsawo a bazara, T4 yana hauhawa tare da kotisol (homon ɗin da jiki ke fitarwa idan ya shiga matsi) da homon ɗin girma, jikin kifin ya rikiɗe ya koma launin azurfa, gaɓar numfashinsa ta koyi fitar da gishiri, ya kuma haddace warin koginsa. A 1981 an ma nuna cewa a salmon nau'in koho, hawan T4 yana dacewa da tsayuwar sabon wata. A gidan ƙyanƙyasa kuwa, da ruwa mai ɗumi da fitilar da ba ta mutuwa, ana iya kammala wannan tafiya cikin ƙasa da shekara guda. Wani bincike da aka wallafa a Norway a 2020 ya gano cewa 'ya'yan kifin da aka gaggauta girmansu sun fi waɗanda aka bari suka girma a hankali samun karkatacciyar zuciya.

Matsayar da kwamiti ya cimma bayan doguwar muhawara ita ce, zuciyar da ke gazawa a kejin teku tun a gidan ƙyanƙyasa aka gina ta, a daidai lokacin da haske da ɗumin ruwa ke juya tsarin tairoid, don haka can ya kamata mai neman gyara ya fara dubawa. Wani ɗan uwa ya kawo shawarar a riƙa zuba homon a abincin kifi don ƙarfafa zuciya. Mafi yawanmu ba mu amince ba, kuma ni ma ina cikinsu, domin homon ɗin da ke hanzarta bugu yana kuma ƙara wa tsoka buƙatar iska, alhali tsokar ciki mai kama da soso da ragowar iskar jini take rayuwa.

Mun kuma duba abinci da ruwa. A 1990 kusan kashi 90 cikin ɗari na abincin salmon a Norway daga teku yake, wato garin kifi da mansa, yanzu kuwa bai kai kashi 30 ba, tsirrai sun maye gurbin sauran. Tsirrai ba su kai kayan teku aidin da seleniyom ba, kuma wasunsu na ɗauke da sinadarai masu hana tairoid aiki. A gidajen da ake tace ruwa ana sake amfani da shi, naitiret, sinadarin da ke samuwa daga ƙazantar kifi, yana taruwa, kuma yana gogayya da aidin wajen shiga tairoid. A nan ne kawai batun ya taɓa 'yan uwa masu kiwon tarwaɗa a gida, musamman masu irin wannan tsarin ruwa da masu haɗa abinci da waken suya.

Sauran ayyuka

Membobinmu na Norway sun ziyarci wani gidan ƙyanƙyasa, inda aka nuna musu yadda ake tsara haske da yadda ake fiɗa don duba siffar zuciya, kuma hotunan da aka ba su izinin ɗauka sun shiga ɗan littafin Hausa da muke haɗawa. An kammala babin ginin zuciya da na tairoid, saura na abinci. Bayanin kuɗin shiga da na kashewa ma'aji zai karanta shi a gaban taro bayan masu binciken kuɗi sun sa hannu, kuma muna godiya ga duk wanda ya biya kuɗin ƙa'ida a kan lokaci.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, kwamiti yana neman amincewarku mu ci gaba da wannan maudu'i, mu haɗa shi da kotisol, wanda aka nuna yana ƙara girman zuciyar kifin tirawut, dangin salmon. Muna roƙon membobin da ke da ilimin haɗa abincin kifi su ba sakatariya sunayensu kafin babban taro, domin a raba musu sassan babin da ya rage.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa