Wasiƙa zuwa ga Edita: Muhawarar yaƙin Iraƙi ta biyo mu har teburin mai shayi

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Na saurari shirinku na daren Lahadi a kan yaƙe-yaƙen da Amurka ta shiga bayan harin 11 ga Satumba 2001, wallahi maganar ba ta ƙare a rediyo ba, sai da ta biyo mu teburin mai shayi a nan Rigasa, har ƙarfe sha ɗaya ana cacar baki shayi ya huce a kofi.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja ne ya je Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, shi ya tsaya kai da fata cewa Amurka na da hujja. Ya ce mutum kusan 3,000 aka kashe a safiya ɗaya, har da 'yan kwana-kwana da Musulmi a ciki, wace ƙasa za a yi wa haka ta naɗe hannu? Ƙanena ya ce Baba ai neman man fetur ne kawai. Sai dattijon ya ajiye biredinsa ya nuna wajen tashar jirgin ƙasa ya ce, yaro, ranar 28 ga Maris 2022 da aka tada bam a jirgin Abuja zuwa Kaduna aka kwashi mutane aka yi daji da su, ba kai ne a kan bencin nan kake cewa a ƙone dajin kowa ya mutu ba? Ƙanen nawa ya yi tsit. Ni ma haka, don ni ma na faɗa, kuma har zuciyata na faɗa.

Shi ya sa ba na raina zafin da Amurkawa suka ji. Yaƙin Afganistan ma da suka fara ranar 7 ga Oktoba 2001 ana iya cewa Usama bin Laden yana can, Taliban kuma ba su miƙa shi ba.

Amma Iraƙi fa, Edita? Nan ne na rabu da Baba. Cikin mutum 19 da suka kai harin 15 'yan Saudiyya ne, babu ɗan Iraƙi ko ɗaya. A Fabrairun 2003 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu ya ɗaga wata 'yar kwalba yana cewa Saddam na da makaman ƙare dangi, Faransa da Jamus suka ce a bar masu bincike su gama aikinsu aka ƙi, aka afka a Maris, aka bincike ƙasar ba a samu makaman ba, har Kofi Annan da bakinsa a 2004 ya ce yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar Ɗinkin Duniya. Baba ya ce to Saddam mutumin kirki ne? A'a, ba shi ba ne, a 1988 ya sa an watsa guba a Halabja Kurdawa kusan 5,000 suka mutu. Amma a waɗannan shekarun Amurka na mara masa baya ne a yaƙinsa da Iran.

Fararen hula sama da dubu ɗari suka mutu a Iraƙi, daga tarkacen ƙasar ISIS ta taso ta kama Mosul a 2014, a 2015 Shekau ya yi mata mubaya'a, yau ga ISWAP a tafkin Chadi. Shi kuwa Usaman a Abbottabad ta Pakistan aka same shi a 2011. Taliban suka dawo Kabul a Agustan 2021 bayan shekara 20.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan shi ne Tudun Biri, ƙaramar hukumarmu ɗaya da su, Igabi. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi da ke farautar 'yan bindiga ya saki bam a kan masu Maulidi, NEMA ta ce aƙalla mutum 85, mata da yara da yawa a ciki, sojoji suka ce kuskure ne. Da na ga hotunan gawawwaki a jere sai maganata ta a ƙone daji ta dawo min, na kasa cin abinci ranar.

Don Allah Edita, in za ku sake shirin nan ku gayyato wanda ya kwana a hannun 'yan ta'addan jirgin ƙasa, ku gayyato kuma uwa ɗaya daga Tudun Biri, ku ba su lokaci daidai da na masana. Baba ya ce in kun yi haka shi zai kawo rediyonsa teburin.

Mai sauraronku daga Rigasa, Kaduna.